Kawuna Mai Gugar Kunzugu

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma aka mayar da Kawu ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, yana zaune a ƙofar gidansa a Gawuna yana jiran gawayi ya kama. Ba jinya, ba sallama. Maƙwabcinsa ya ce sau biyu yana yi masa magana bai amsa ba, ya ɗauka fushi yake yi, don kowa ya san Kawu ya iya fushi a zaune.

An yi zaman makoki kwana uku, kowa ya zo da Kawun da ya sani. Limamin unguwa ya ce bai taɓa ganin mutum mai farar riga irin tasa ba. Da ya ga kamar yabon ya yi wa mamaci kaɗan, sai ya ƙara da cewa ba a raba shi da sahun farko. Wani tsohon kuku da suka yi aiki tare a gidajen Turawa ya share hawaye ya ce, "Shekara ashirin muna tare, bai taɓa yarda na taɓa sabulunsa ba. Allah Ya jiƙan maza." A cikin gida kuma wata malamar makaranta 'yar ƙasar Zazzau, Kirista, ta yi kukan da ya fi na dangi, ta ce 'ya'yanta huɗu babu wanda ya taɓa saɓar cinya, kuma wannan tsohon ne dalili. Inna, mahaifiyata, wadda ita ce yayarsa, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Cewa ta yi, "Auta ya yi mini rashin kunya har a mutuwa. Ni ce a gaba, shi ya wuce."

Ni kuwa na kasa zama. In tashi in gyara tabarmar da ba ta karkace ba, in leƙa butocin da na san a cike suke, in raka wanda bai nemi rakiya ba. Mutane suka ce mutuwar ce ta taɓa ni. Ta taɓa ni, amma ba ita kaɗai ba ce. Kafin in zama ma'aikacin ofishin ilimi na yi shekara goma a aji ina jan kunnen yara a kan jimlar da aka fara ba a ƙarasa ba. To ni ma na bar wata jimla a rabi game da Kawu, a gaban mutane, yana ji, yau shekara huɗu ke nan. Ya gaya mini yadda zan cika ta. Ya rasu ban cika ba.

Sana'arsa wanki da guga. Ya bar ƙauyenmu tun gemunsa bai fito ba, ya yi wajen shekara talatin yana bin gidajen Nasarawa, unguwar Turawa, daga wannan Bature zuwa wancan. Bayan yaƙin duniya Turawa suka fara zuwa da matansu, har suna haihuwa a nan, sai wani sabon kaya ya shigo kwandon wanki: fararen ƙyallaye masu kusurwa huɗu, su suna ce musu nafkin, mu mu ce kunzugu. Yadda ya tashi daga wanke su zuwa ɗaura su, sau ɗaya ya ba ni labari. Ya je karɓar wanki wani gida, ya tarar maigidan ya tafi rangadi, mai reno ta gudu, uwargida tana kwance zazzaɓi ya kayar da ita, jariri kuwa yana ta tsala ihu cikin jiƙaƙƙen kunzugu. Tana daga kwance tana faɗa masa, shi yana yi. Daga ranar matan Turawa suka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu, kamar yadda suke aron tukunyar gasa burodi.

Dangi ba su so ba. A ƙauye a bayan idonsa ana ce masa mai wankin kashin Nasara. Da maganar ta dawo kunnensa sai ya ce, "Ku gaya musu na duba. Na ɗan Bature da na ɗan Bahaushe duk ruwan ɗorawa ne."

Allah bai ba shi haihuwa ba, bai kuma taɓa yin maganar ba. Riga biyu gare shi a ƙusa biyu, ta aiki da ta salla, ba sa taɓa juna. Hannu kuwa yana wanke shi har gwiwa kafin ya taɓa yaro, ya sake wankewa bayan ya gama, ko da yaron bai yi komai ba. Amma yana da aibi guda, kuma ba zan ɓoye shi don ya mutu ba: Kawu ba ya ba da dalili. Ya girma a gidajen da ba a tambayar dalili, ba a kuma bayarwa. In ka ce, "Kawu, don me?" sai ya ce, "Haka ake yi," ya ci gaba da abinsa.

Bayan samun 'yancin kai aka ƙara mini girma, aka ba ni gida a Nasarawa, irin wanda a da sai dai mu hango rufinsa ta saman shinge. Ga baranda gaba da baya, ga ciyawa shimfiɗe, ga mangwaro guda shida da suka rufe rabin filin da inuwa. Ranar da muka tare Kawu ya zo yi mana barka, ya zagaya ya shigo ta ƙofar kicin. Na ce, "Kawu, ga ƙofa can."

Ya ce, "Malam, sau biyu ina aiki a gidan nan. Ƙafata ta fi ka sanin hanya."

Tun ina ƙarami "ɗan Yaya" yake ce mini. Da na fara koyarwa ya koma "Malam", kuma yana da wata irin hanyar jan kalmar da kan sa in duba ko maɓallin rigata a buɗe yake. Shi ya nuna mini cewa ƙarafa biyun da ke can ƙarshen fili, a tsakiyar rana, na igiyar shanya ne. Ni da na ɗauka don furanni masu yaɗo aka kafa su.

Da damina ta kama, sai mai ɗakina ta sauka, namiji, bayan mata biyu. Matan a cikin birni aka haife su, a gidan Inna, inda tsakar gida ƙasa ce, yaro ya yi abinsa a kwashe a zuba toka. Nan kuwa kujerun gwamnati ne masu katifa da dardumar da ba tamu ba. Saboda haka mai ɗakina ta sayo nafkin dozin biyu da fil mai makulli, ta zauna tana kallonsu suna kallonta. Inna, da ta zo zaman jego, ta ce ita ba ta san wannan bidi'ar ba.

Kwana uku da haihuwa sai ga Kawu da dutsen gugarsa a hannu. Ya sa aka shimfiɗa tawul a teburin barandar baya, ya ce a kawo masa yaron.

Inna ta ce, "Auta, ka ji kunya mana. Namiji da gemu, da jaririn kwana uku?"

"Yaya, ke ki riƙe wankan mai jego, ba zan shiga miki ba. Wannan ɓangaren nawa ne. 'Yata, matso nan ki gani."

Ina zaune a gefe da jarida a fuska, wai karatu nake. Shafi ɗaya na riƙe har aka gama.

Ya ce wa mai ɗakina, "Kafin ki taɓa shi, tara kayanki: ruwan ɗumi, auduga, busasshen nafkin, fil. Wadda ta buɗe yaro sannan ta tafi neman auduga, ta dawo ta tarar an yi mata zane a bango. Kin wanke hannu? Sake wankewa, ban gani ba."

Ta sake. Ya kwantar da yaron ya dube shi, ya rusuna kaɗan ya ce, "Ranka ya daɗe, Razdan, za mu ɗan shiga ofis." Tun daga ranar Razdan yake ce masa, wai a duk gidan shi kaɗai ne zai yi tsawa kowa ya taso a guje, kamar babban Baturen lardi. In yaron ya ɓata kunzugu kuwa sai ya ce, "Razdan ya sa hannu a takarda."

Ya ci gaba. "Mata kika saba da su. Mace in za ta yi, ƙasa take yi, mai kunya. Wannan sama yake harbi, kuma da iska ta taɓa shi zai saki. Kina buɗewa ki ɗora masa ɗan ƙyalle a kai, ki ƙirga goma. Yauwa. Kin gani? Da yanzu a idonki yake. To goge daga gaba zuwa baya, auduga ɗaya shafa ɗaya, kada ki dawo da wadda ta je baya. Ɗaga marainan a hankali ki share ƙarƙashi, nan datti yake ɓuya. Buɗe matsematsin, duk inda fata ta ninke ki shiga. Fatar gabansa kuwa kada ki kuskura ki ja ta baya. A manne take, Wanda ya manne ta Ya san abin da Yake yi. Waje kawai za ki wanke, sauran aikin wanzami ne, shi ma sai nan da shekaru."

Inna ta ce, "Ikon Allah. Ni na goya ka, Auta, da tsumman zanen tsohuwarmu, ba auduga ba ƙirga goma, ga ka nan ka tsufa."

"Shi ya sa har yau nake susa, Yaya."

Ya sa aka bar yaron tsirara ya sha iska har ya bushe sarai. Sannan ya ninke ƙyallen, kaurin ya koma gaba, don namiji gaba yake jiƙawa. Ya kwantar masa da abin ya dubi ƙasa, ya ce in ya dubi sama sai an sake riga har wuya. Ya naɗe bakin kunzugun ƙasa da cibiya, ya ce kada a rufe ta, kada a jiƙa ta, ta bushe ta faɗi da kanta. Da ya zo soka fil sai ya zura yatsu biyu tsakanin ƙyallen da cikin yaron.

"In za ta soki wani, ke za ta soka. Ke kina da bakin faɗa."

Duk wannan na yarda da shi, don ina ganin dalilinsa da idona. Abin da ya tsaya mini a wuya wankin ne. A ɗauraye, a saɓa da sabulu, a tafasa, a kai can igiya a tsakiyar rana, ko da kuwa hadari na tasowa sai an kwashe an mayar sau uku. Bayan sun bushe kuma ya hura gawayi ya goge kowane ɗaya, ciki da baya, har bakin ɗinki. Ƙyallen da nan da sa'a guda za a ɓata shi. Na ce, "Kawu, don me ake guge kunzugu?" Ya ce, "Haka ake yi."

A lokacin na karanta littattafai da yawa a kan abin da mulkin mallaka ke yi wa zuciyar wanda aka mallaka, kuma mai sabon karatu ba ya rasa wanda zai gwada shi a kansa. Na yanke hukunci a raina cewa wannan guga ba tsabta ba ce, bauta ce da ta bi jini. Bature ya so ganin kunzugun ɗansa a miƙe kamar takardar ofis, Kawu kuma ya ɗauki son zuciyar Bature ya mayar da shi farilla. Har na ji daɗin yadda na tsara maganar.

Ranar suna, bayan an watse daga raɗin suna da safe, abokan aikina suka zo da la'asar, aka zauna a barandar gaba ana shan shayi. Cikinsu har da babban jami'in ofishinmu, ɗan ƙasa ne kamarmu, bai daɗe da gadar kujerar Bature ba. Ya ce in zagaya da shi ya ga mangwarona. Muka zagaya da kofuna a hannu, mutum huɗu ko biyar a bayanmu, sai ga mu a barandar baya. Ga Kawu cikin singileti, gumi na zuba, fararen ƙyallaye jere a gabansa.

Babban ya ce, "Kai, ka yi sa'a. Tsohon nan na sha ganinsa a gidajen Turawa, an ce babu kamarsa. Mai wankinka ne?"

Na ce, "Mai wanki ne..."

Sai na kai kofi bakina.

Na sha kare kaina a kan wannan a gaban kaina. Ban ce mai wankina ba ne, na ce mai wanki ne, kuma duk wanda ya san nahawu ya san akwai bambanci. Amma na san abin da ya rage a jimlar, na kuma san da shayi na haɗiye shi. Kawu bai ɗago ba. Dutsen gugar ne ya tsaya a wuri ɗaya, kamar na numfashi guda, sannan ya ci gaba da tafiya.

Kashegari kunyata ta rikiɗe ta zama fushi, ta tafi neman wanda za ta sauka a kansa. Na same shi yana hura gawayi, na yi masa lacca. Na ce zamani ya sake. Na ce yanzu ƙasar tamu ce, ba za a ci gaba da yi wa tsumman kashi ladabi a gidana ba. Na ce daga yau a wanke a shanya, shi ke nan, Turawa sun tafi.

Ya saurare ni har na ƙare. Ya ce, "Turawan sun tafi. Ƙudan ma ya bi su?"

Ban gane ba. Da ɗalibi ne ya faɗi abin da ban gane ba, da na ce ya maimaita. Amma na riga na hau, sai na ɗauka baƙar magana ce. Ya juye gawayin a ƙasa, ya yayyafa masa ruwa, ya saka rigarsa, ya ratsa ta tsakiyar falo ya fita ta ƙofar gaba. Ranar ce kaɗai na ga ya bi ta nan.

Wanki ya koma hannun Inna. Tana wankewa fes, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai dai igiyar ta yi mata nisa ta kuma yi mata tsayi, ga ruwa yana saukowa ba sallama, sai ta riƙa baza ƙyallayen a kan ciyawa a gindin mangwaro, kusa da ƙofa, inda za ta kwashe da sauri. Haka ta saba yi a birni shekara arba'in, ba abin da ya taɓa faruwa.

Bayan kamar kwana goma yaron ya fara kukan da ba na yunwa ba. Ya ƙi kwanciya ta baya. Mai ɗakina ta buɗe shi ta ga ƙuraje jajaye, biyu a ɗuwawu, biyu a gadon baya, ɗaya a cinya, kowanne ya yi tauri kamar ƙwayar gujiya. Kwana biyu suna ƙara tashi. Inna ta ce maruru ne, zafin damina, ta aika wa wanzami ya zo ranar Lahadi bayan la'asar ya yi sakiya. Likita kuwa ba a ganinsa sai Litinin. Ni na ɗauko littafin kiwon lafiya na malaman makaranta, na sami cuta bakwai da suka yi kama da wannan, uku daga ciki ba a tashi. Na rufe, na buɗe, na je baranda, na dawo.

Ranar Lahadi da safe mai ɗakina ta tsaya a gabana da yaron a kafaɗa. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Malam, ba za a sa wa ɗan kwana ashirin ƙarfe mai zafi ina kallo ba. Inna kuma ba zan iya yi mata musu ba. Ka je ka ɗauko Kawu."

"Ai shi ya tafi da kansa."

"Ina bayan ƙofa ranar suna. Ina bayan ƙofa kashegari."

Na ɗauki makullin mota.

Na same shi a Gawuna yana gugar babbar rigar wani. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Na fara zagaye-zagaye, ya katse ni.

"Razdan ne?"

"Shi ne, Kawu. Ƙuraje ne suka..."

"Akwai ɗan baƙin ɗigo a tsakiyar kowanne?"

"Akwai."

"A ina ake shanya?"

Na faɗa masa. Ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar basilin, ya juye gawayi, ya ajiye dutsen gugar a kujerar gaba kusa da ni, shi kuma ya buɗe baya ya zauna. Haka na tuƙo su, dutsen a matsayin abokin tafiya, Kawu a matsayin maigida.

Ya wanke hannu har gwiwa. Ya kifa yaron a cinyar uwarsa, ya lakato basilin ya toshe bakin kowane ƙurji da kauri. Ya ce, "Abin da ke ciki ta wannan ƙofar yake numfashi. In ka rufe masa, zai leƙo ya ga wanda ya rufe."

Inna ta ce, "Wane abin da ke ciki?"

"Zauna, Yaya."

Muka jira. Ban san tsawon jiran ba, na dai san na zagaya teburin nan har Kawu ya ce in tsaya wuri ɗaya ina sa shi jiri. Can sai ga wani farin abu yana motsi cikin man. Ya sa manyan yatsunsa biyu a gefe da gefe, ya matsa a hankali, ba gaggawa, sai ga tsutsa ta faɗo a faranti, fara, kamar ƙatuwar ƙwayar shinkafa, tana lanƙwasa. Inna ta saki salati ta dafe bango. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Biyar cif.

Sai a ranar, shekara talatin da fara aikinsa, Kawu ya ba da dalili. Ya ce wani ƙuda ne, shi ƙudan inuwa yake ce masa. Ba ya son rana. Yana bin ƙasa mai laima a gindin itace da tsumman da ya taɓa fitsari, ya zuba ƙwai, ido ba ya gani. In ƙyallen ya taɓa fata mai ɗumi, abin ya shige. Rana mai zafi a kan igiya tana hana shi sauka, wuta kuma tana kashe wanda ya riga ya sauka, shi ya sa ake bi har bakin ɗinki.

"Tsakar gidanki a birni rana ce ƙwal, Yaya, ba laifinki ba ne. Nan kuwa Bature ya shuka inuwa, inuwa ta zo da baƙonta."

Na ce, "Kawu, me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Me ya hana ka tambaya sau biyu? Ba kai ne malami ba?"

Ya wanke wuraren da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ya ce gobe a kai shi asibiti a duba ko da saura. Ya sa aka tattaro kunzugun gidan kaf, da zanen goyo, da shimfiɗar gado, aka tafasa. Da wanzami ya iso bayan la'asar aka ba shi goro aka ba shi haƙuri.

Ina shirin sulalewa sai Kawu ya ce, "Malam, naɗe hannun rigarka."

"Ni?"

"Wanda ya iya kafa doka a kan kunzugu, ya kamata ya san yadda ake ɗaura shi."

Inna ta ce wannan kuma ya wuce wasa, uba da ɗansa, ina kunya? Kawu ya ce kunyar ta jira a waje. Na wanke hannu, ya ce in sake. Na tara kayana kamar yadda na ji daga bayan jarida, na kwance fil, na buɗe. Abu ɗaya na manta, ɗan ƙyallen nan da ƙirga goma. Ban ankara ba sai ji na yi ɗumi a tabarau, yana gangarowa ta gefen hanci.

Kawu ya ce, "Razdan ya sa hannu. An karɓi takardarka."

Na ji dariyar mai ɗakina daga bayan ƙofa, ta farko cikin kwana huɗu. Na goge tabarau na ƙarasa, kauri a gaba, abin yana duban ƙasa, yatsu biyu a ƙarƙashin fil. Na soki kaina. Kawu ya ce daidai ke nan.

Da ya koma kan guga na bi shi na tsaya. Na yi gyaran murya. Na ce, "Kawu, maganar ranar suna..."

"Wacce? Me ka faɗa da ba gaskiya ba? Mai wanki ne ni. Da wankin na yi gemu." Ya juya ƙyallen ya bi bayansa. "Tsayawa ka yi inda ba a tsayawa, shi ke nan. Kuma ba ni za ka ƙarasa wa ba, ɗan Yaya. Ni na san ko ni wane ne. Wanda ya tambaye ka, shi za ka je ka ƙarasa wa."

Na ce to.

Shekara huɗu ofishina yana kallon na babban nan. Kullum sai na shiga wurinsa da fayil, wata rana sau uku. A cikin shekarun an ƙara haifa mana biyu, na ɗaura kunzugu ya fi a ƙirga, na iya hura gawayi ba tare da na ƙona gira ba, har maƙwabta suna turo matansu su tambayi mai ɗakina, ita kuma ta turo su wurina. Wannan duk ya zo mini da sauƙi. Amma in na tsaya gaban teburin nan sai in ga yau yana cikin fushi, gobe akwai baƙi, jibi maganar ta tsufa, wa zai tayar da ita? Kawu bai sake tambayata ba ko sau ɗaya. Yana zuwa duk Juma'a, ya ci abinci, ya duba bakin ɗinkin kunzugu, ya dube ni, ya tafi. Da ya tambaya da ya fi mini sauƙi.

Jiya na koma aiki. Takardar neman hutun da na aika cewa kawai ta yi an yi mini rasuwa a dangi. Na shiga ofishin babban ba fayil a hannuna. Ya miƙo hannu ya ce, "Ashe rashi aka yi. Allah Ya jiƙan musulmi. Wa ya rasu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar sunan ɗana ka ga wani tsoho yana guga a barandar baya, ka tambaye ni ko mai wankina ne. Na ce maka mai wanki ne. Mai wanki ne, kuma ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kawuna ne. Shi ya rasu."

Ya dube ni da tausayi, irin wanda ake yi wa mutumin da rashi ya ɗan taɓa wa kai. Ya yi ƙoƙari, na ga yana lalube.

Ya ce, "Wane tsoho?"

Ashe mu biyu ne kaɗai muke ɗauke da maganar, ɗaya kuma an binne shi ranar Talata. Shi ya sa na rubuta ta a nan, inda wanda bai tambaya ba ma zai ji.

Allah Ka wanke Kawu kamar yadda ya wanke 'ya'yan mutane, Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa, Ka sa ya yafe mini. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa ta same mu mun ƙarasa abin da muka fara faɗa.